Amsoshin Tambayoyinku: Albashin Masu Shara da Masu Gadi a Kwangilar Gwamnati

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan mutanen da ke aiki a ofisoshi da asibitoci da makarantun gwamnati, amma ba gwamnati ce ta ɗauke su ba, kamfanin da ya ci kwangila ne. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa shara da gadi da kula da filaye ga 'yan kwangila a yawancin hukumomin tarayya, kuma tun daga lokacin ake ta ƙorafi a kan albashin waɗannan bayin Allah.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai shara ce a wani ofishin Gwamnatin Tarayya a Abuja. Mu sama da sittin ne a kamfanin da ya ɗauke mu, muna shiga ƙarfe 7 na safe mu tashi ƙarfe 4 na yamma, ana biyanmu naira 35,000 a wata. Da muka yi magana sai mai duba aikinmu ya ce naira 70,000 ta ma'aikatan gwamnati ce, ba mu a ciki. Don Allah haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba haka yake ba. Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 ta hau kan duk mai ɗaukar ma'aikata a Najeriya, gwamnati ce ko kamfani. Ita ce ta kafa naira 30,000, sannan gyaran da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 29 ga Yuli, 2024 ya kai kuɗin naira 70,000. Waɗanda dokar ta cire ta ambace su ɗaya bayan ɗaya: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aikin 'yan sa'o'i da bai kai cikakken aiki ba, waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon yawan abin da suka yi, masu aikin da ke zuwa da lokacinsa irin na gona, sai ma'aikatan jirgin ruwa da na sama. Ku sittin da ke wuni a bakin aiki babu inda kuka faɗa a cikin waɗannan.

Ko da kin sa hannu ko kin dangwala yatsa a takardar da ta ce kin yarda da 35,000, dokar ta ce duk yarjejeniyar biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba rusasshiya ce. Cikon bashi ne a wuyan kamfanin: naira 35,000 duk wata, wato naira 420,000 a shekara a kanki ke kaɗai. Idan aka kama kamfani da wannan laifi, bayan tara, sai ya biya ariyas ɗin duka, tare da ƙarin kuɗi a kan kowane watan da ya ci gaba da riƙewa.

Ki kuma san abin da ya halatta a cire miki. Kuɗin fansho kashi 8 cikin ɗari ne. Idan an lissafa shi a kan 70,000 ɗin duka, naira 5,600 ke nan, abin da zai shigo asusunki 64,400. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba a cire masa harajin albashi. Tarar latti da ake yanka wa ma'aikata kuwa sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana, kuma ko ɓarna mutum ya yi da gangan, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a taɓa albashinsa. Kuɗin yunifom ko na tsintsiya da bokiti bai kamata ya sauko da albashi ƙasa da abin da doka ta yanka ba. Idan ana cire miki fansho, kamfanin kwana bakwai na aiki yake da su bayan biyan albashi ya zuba kuɗin a asusunki na fansho. In ba ki taɓa ganin saƙo daga kamfanin fanshonki ba, ko ma ba a taɓa buɗe miki asusun ba, to kuɗin a aljihun wani yake tsayawa.

Wa za ki bi bashin? Da farko kamfanin, domin sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya ce mai ɗaukar ma'aikaci shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniya da shi, ko don kansa ko don ya yi wa wani aiki. Amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba takarda kawai take dubawa ba. Tana duba wa ke ba da umarni kullum, wa ya zaɓo ma'aikatan, wa ke iya cewa a kori wance. Inda ta ga jami'an hukumar ne ke yin duk wannan, tana iya ɗaukar hukumar da kamfanin a matsayin iyayen gida biyu. Saboda haka duk takardar koken da za ku rubuta, ku aika wa ɓangarorin biyu.

Tambaya: Ina da kamfanin shara da gadi a Kaduna. Na nemi kwangilar shara ta mutum 40 a wata hukumar tarayya, na sa naira 105,000 a kan kowane mutum a wata har da haraji. Ranar buɗe tayi na ji an karanto na wanda daga baya ya ci, naira 75,000. Ni ne na tsawwala, ko akwai lissafin da ban sani ba?

Amsa: Alhaji, ba ka tsawwala ba. Bari mu yi lissafin a fili, don a nan ne duk matsalar da mai tambayar farko ta kawo take tsirowa.

Albashi naira 70,000. Kason fansho na kamfani kashi 10 cikin ɗari, naira 7,000, kamar yadda Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Asusun diyyar ma'aikata na NSITF kashi 1 na jimillar albashi, naira 700. Asusun horas da ma'aikata na ITF shi ma kashi 1, naira 700. An kai 78,400. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimillar, an kai 84,280. Har yanzu ba a sayi sabulu ko omo ko mofa ba, ba a ɗinka yunifom ba, ba a biya mai duba aiki ba, ba a yi inshorar rai ta ma'aikata ba, wadda Dokar Fansho ta wajabta da aƙalla ninki uku na albashin shekara, ba a tanadi wanda zai riƙe wa mai hutun shekara ko mai jinya ko mai jego aikinsa ba, balle a yi maganar riba. Harajin da hukuma ke cirewa tun daga tushe kafin ta biya ka shi ma yana rage abin da zai shigo hannunka a watan.

Yanzu juya lissafin. Tayin 75,000 har da VAT, idan ka cire harajin, abin da ya rage naira 69,767 ne. Bai ma kai albashin tsurarsa ba. Wanda ya sa wannan farashi ya riga ya yanke shawarar ɗayan abu uku tun kafin ya miƙa ambulan: ko ya biya ma'aikata rabin haƙƙinsu, ko ya karɓi kuɗin mutum 40 ya kawo 25 su yi aikin, ko ya cire fansho daga albashi ya ƙi kaiwa. Sau da yawa ma dukkan ukun ake haɗawa. Akwai kuma masu raba ma'aikata tsakanin kamfanoni biyu ko uku masu ofis ɗaya da darakta ɗaya don kowanne ya tsaya ƙasa da mutum 25, da masu rubuta wa mai wuni a bakin aiki cewa aikin 'yan sa'o'i yake yi.

A gadi lissafin ya fi muni, domin mutane suna ƙirga kai ne, ba sa ƙirga sa'o'i. Ƙofa ɗaya da ake so a tsare dare da rana sa'a 168 ce a mako. Idan mai gadi zai yi sa'a 8 a rana na kwana shida, sa'a 48 ke nan, ƙofar tana bukatar mutum uku da rabi, wato kusan naira 274,400 a wata a kan lissafin 78,400 na kowane mutum, kafin haraji da kayan aiki. Duk wanda ya ce zai tsare ta da mutum biyu, kowannensu zai yi sa'a 84 a mako ba tare da ranar hutu ba, alhali sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya wajabta hutun kwana ɗaya cikin bakwai, kuma sa'o'in da suka haura na ƙa'ida obataim ne. Mai gadin da ake samu yana gyangyaɗi a kan benci da asuba, sau da yawa wannan lissafin ne ya kwantar da shi.

Kana da hanyar ƙorafi, amma tana da wa'adi mai tsauri. Sashe na 54 na Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ya ba ka kwana 15 na aiki daga ranar da ka san abin da ya faru ka rubuta wa babban jami'in hukumar, wato babban sakatare a ma'aikata ko shugaban hukuma. Shi ma kwana 15 na aiki yake da su ya ba ka amsa a rubuce. Idan bai amsa ba ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da kwana 10 na aiki ka kai wa BPP, hukumar da ke sa ido a kan bayar da kwangilolin Gwamnatin Tarayya, ita kuma ta yanke hukunci cikin kwana 21 na aiki. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Kada ka cika takardar da zargin an yi son kai, don ba ka da hujjarsa. Ka haɗa lissafin nan a shafi guda, ka nuna farashin da ya ci ba zai iya biyan abin da doka ta wajabta ba.

Tambaya: Ni jami'i ne a sashen bayar da kwangila na wata makarantar tarayya. Doka ta ce a ba mafi araha. Idan na tsallake mafi araha saboda ina zargin ba zai biya albashi daidai ba, ni masu binciken kuɗi za su tuhuma. Ina mafita?

Amsa: Malam, dokar ba ta ce mafi araha kawai ba. Cewa ta yi mafi araha a cikin tayin da aka tantance aka ga ya cika sharuɗɗan da aka shimfiɗa. Kuma ta hana a auna tayi da wani ma'aunin da ba a rubuta a takardun neman tayin ba. Nan ne tsoronka yake da tushe: idan ba ku rubuta sharaɗin albashi tun farko ba, ranar tantancewa hannunka a ɗaure yake. Idan kun rubuta, tayin da ya gaza shi ya faɗi da kansa, kuma kai ne mai kariya a gaban odita. Tun ran gini tun ran zane.

Abin da muka fi ba da shawara a kai shi ne a raba farashin gida biyu a takardar da masu nema za su cike. Gida na farko hukumar ce za ta cike shi da kanta: yawan ma'aikata, sa'o'in aiki, albashin kowane mataki wanda bai gaza 70,000 ba, fansho, NSITF, ITF. Ba wanda zai taɓa waɗannan lambobi. Gida na biyu shi ne na gasa: kayan aiki, yunifom, inshora, kulawa da ribar kamfani. Da zarar an yi haka, mai son cin kwangila sai ya rage daga ribarsa, ba daga albashin mai shara ba. Wannan yana nufin kiyasin hukumar ma sai an gyara shi kafin a buga talla. Hukumar da ta ware naira 50,000 a kan kowane mai shara a kasafinta ita ce ta fara karya dokar, ɗan kwangila cika mata aikin kawai ya yi. In kuɗin ba zai isa mutum 40 ba, a nemi mutum 25 a rage faɗin aikin, a faɗa a fili.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Yarjejeniya ta 94 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1960, a kan wannan batu take kacokan. Ta ce kwangilar gwamnati ta ƙunshi sharaɗin da ke tabbatar wa ma'aikata albashi da sa'o'in aikin da ba su gaza na masu irin aikin a yankin ba, sharaɗin ya bi har ƙaramin ɗan kwangilar da aka sayar wa aikin, kuma a iya riƙe kuɗin kwangila don ma'aikata su sami haƙƙinsu. Dokar 2007 ita ma a sashe na 16 ta ce mai neman kwangila sai ya sauke nauyin haraji da fansho da sauran kuɗaɗen kare ma'aikata.

Sai dai kada takardun shaida su ruɗe ka. Takardar PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, da ta NSITF da ta ITF suna nuna kamfani ya biya wa ma'aikatan da ya bayyana ne. Kamfani na iya samun su da sunayen mutum biyar na ofishinsa, alhali yana da masu shara ɗari biyu da ba a taɓa rubuta sunansu ba. Ka nemi jadawalin sunayen da aka biya fanshon da shi, ka gwada da yawan ma'aikatan da ya ce yana da su. Idan kamfanin gadi ne, ka nemi lasisinsa na hukumar Sibil Difens, ka duba ko yana kan wa'adi. Idan kamfanin samar da ma'aikata ne, lasisin Ma'aikatar Ƙwadago.

Bayan an ba da aikin, abin da ke riƙe gaskiya shi ne sharaɗin biya. A rubuta cewa ba za a biya kuɗin wata ba sai an kawo shaidar banki ta albashin watan da ya gabata, suna da lambar asusu da adadi, tare da rasidin fansho. Takardar da ma'aikata suka sa wa hannu a kan sun karɓi kuɗi a hannu kada a karɓe ta, domin an sha ba mutum 30,000 a sa shi ya sa hannu a layin da aka rubuta 70,000, ko ma a layin da ba a rubuta komai ba. Wani jami'i da ba na sashenku ba ya riƙa fita ba sanarwa ya ƙirga mutanen da ke bakin aiki, ya tambayi biyu ko uku su nuna masa alat a wayarsu. A kuma rubuta cewa hukuma na da ikon biyan ma'aikata kai tsaye daga kuɗin ɗan kwangila idan ya gaza, kuma ba a sayar da aikin ga wani sai da izini a rubuce. Abu ɗaya da ke rusa duk wannan shi ne manya su riƙa cusa sunayen 'yan uwansu a jerin ma'aikatan. Jami'in da ke da mutum uku a jerin ba zai iya tambayar ɗan kwangila ina sauran goma suka shiga ba.

Tambaya: Kwangilata ta shekara uku ce, an sa mata hannu a 2023 a kan lissafin naira 30,000. Hukumar ta ƙi ƙara ko kwabo. Dole ne in biya 70,000?

Amsa: Dole ne, Hajiya. Nauyin albashi a kanki yake, kuma rashin ƙari daga hukuma ba hujja ba ce a gaban kotu. Ki duba yarjejeniyarki ko akwai sharaɗin gyaran farashi ko na sauyin doka. In akwai, ki rubuta wa babban jami'in hukumar da lissafin bambancin, mutum nawa, wata nawa, ki nemi a kai gaban kwamitin bayar da kwangila, domin alƙawarin baki na wani darakta ba ya zama kuɗi. In babu, ki nemi a rage yawan ma'aikata da faɗin aikin a rubuce, ko ki ba da sanarwar ajiye aikin bisa wa'adin da ke cikin yarjejeniyar. Gyaran 2024 ya mayar da sake duba albashin duk shekara uku maimakon biyar, wato 2027 ke nan, don haka duk kwangilar da za ta tsallaka wannan shekara kada ki sa mata hannu ba tare da wannan sharaɗi ba.

Tambaya: Kano ta sanar da naira 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000. Wanne ya hau kan ɗan kwangila?

Amsa: Waɗannan albashin da jihohin suka yanka wa ma'aikatansu ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Majalisar Tarayya ce kaɗai ke da ikon yin dokarsa, don haka abin da ya wajaba a kan kamfani naira 70,000 ne, sai idan yarjejeniyar kwangilar ta ambaci na jihar, to a nan ya zama dole. Kwangilolin jiha kuma dokar kwangila ta jihar ce ke tafiyar da su, ba ta 2007 ba, amma dokar albashi ɗaya ce ko'ina.

Tambaya: Ni mai gadi ne, na manyanta. Wata uku ba a biya mu ba, manaja ya ce gwamnati ce ba ta sakar musu kuɗi ba. Muna tsoron magana kada a kore mu. Me za mu yi?

Amsa: Baba, Allah Ya kawo sauƙi. Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ce tsakanin biya da biya kada ya wuce wata guda, kuma bai rataya wannan a kan ko gwamnati ta biya kamfani ba. Shi ɗan kwangila doka ta ba shi tasa hanyar: kuɗin da hukuma ta riƙe fiye da kwana 60 bayan ya miƙa takardar neman biya jinkirtacce ne, yana da haƙƙin neman ƙarin da yarjejeniyarsu ta tanada. An kuma ba shi aikin ne bayan ya nuna yana da ƙarfin kuɗin riƙe shi.

Ku fara da tara shaida tun kafin kowa ya san kuna shiri. Takardar ɗaukar aiki, wadda doka ta ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da fara aiki, katin shaida, hoton rajistar duti da kuke sa wa hannu, da bayanin asusun banki da ke nuna ranar da albashi ya shigo na ƙarshe da nawa ne. Wanda ake biya a hannu ya rubuta kwanan wata da adadi a littafi. Sannan ku rubuta takarda guda da sa hannunku duka, kada a bar mutum ɗaya a gaba, ku kai wa kamfanin, ku kai kwafi ga shugaban hukumar da kuke gadi, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku ba su wa'adi, kamar mako biyu. Sau da yawa a nan ake gano an biya kamfanin tuni. Kuna ma iya tambayar hukumar a rubuce, ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, nawa ta biya a kan kwangilar kuma yaushe, dokar ta ba ta kwana bakwai ta amsa.

In wa'adin ya cika shiru, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku. Jami'an ƙwadago suna da ikon kiran kamfani su duba littafin albashinsa, wanda doka ta ce ya ajiye na shekara uku. Ofishin ƙungiyar ƙwadago ta NLC na jiha da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a su ma suna shiga irin wannan magana, ita hukumar ba ta karɓar ko sisi. Maganar fansho kuwa PenCom ake rubuta wa. Idan duk wannan bai yi ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, tana kuma da sashen sulhu, sannan Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana taimaka wa marasa halin ɗaukar lauya.

Tsoron kora gaskiya ne, ba za mu ce muku babu shi ba. Amma kora ba ta goge bashin albashi, kuma ita kanta tana da ƙa'idar sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye, ko a biya kuɗin wa'adin. Abin da ya fi hatsari shi ne ku jira har kwangilar ta ƙare, domin da zarar an biya kamfani kuɗinsa na ƙarshe, hukumar ba ta da sauran abin da za ta riƙe muku. Ku bincika watan da kwangilar za ta ƙare, ku tabbata takardarku ta isa teburin shugaban hukumar da na akanta kafin lokacin.